FASHIN BAƘI: Kowa na ɗiba, ba mai aunawa: yadda noman rani ke cin ruwan fadamun Jega, Aliero da Maiyama

Daga watan Disamba har zuwa Afrilu, ƙarar da ke biyo bayan kiran assalatu a bakin gulbin Jega ita ce ta injinan ban ruwa. Kowane inji da bututunsa, wani a cikin gulbi, wani a ƙaramar rijiyar da aka huda a tsakiyar gona. Kafin rana ta take, ruwa ya cika kwamin shinkafa, ya ratsa fangalin albasa da tattasai da attaruhu. A wannan lokacin ne kuma manyan motoci ke jeruwa a Aliero suna lodin albasar da za ta tafi Legas da Onica da ƙasashen maƙwabta.

Da kuɗin wannan noma ake biyan kuɗin makaranta, ake aurar da 'ya'ya, ake sauke farali. Shi ne ya rage wa matasa da dama tafiya cirani. Don haka babu mai hankalin da zai ce a daina. Sai dai akwai tambayar da ba a cika jin ta a bakin 'yan takara ba, ko da sun zo yankin neman ƙuri'a: nawa ake ɗiba daga ruwan fadama a kowace shekara, nawa damina ke mayarwa, kuma wa aka ɗora wa alhakin riƙe wannan lissafi?

Daga ina ruwan ke zuwa?

Garin Jega yana zaune ne a gefen Gulbin Zamfara, wanda a wannan yanki ake kira Gulbin Gindi. Gulbin ya taso daga gabas, ya ratsa ƙasashen Anka da Bukkuyum da Gummi a Jihar Zamfara, ya gifta kudancin Jihar Sakkwato, ya shigo Kebbi, sannan ya haɗe da Gulbin Sakkwato a kan hanyarsu ta zuwa Kogin Kwara. Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa garin a farkon shekarun 1820, kuma kafin ƙarnin ya ƙare kasuwar Jega ta shiga jerin manyan kasuwannin Daular Usmaniyya. Gulbi da fadama da mahaɗar hanyoyi ne suka ba garin wannan matsayi, kuma har yau su ne jarinsa.

Ruwan da manomin rani ke amfani da shi iri uku ne. Na farko shi ne wanda ido ke gani a gulbi da tafkuna. Na biyu shi ne wanda ke kwance cikin yashi da laka a ƙarƙashin fadama, 'yan mitoci kaɗan daga doron ƙasa. Wannan shi ne ƙashin bayan noman rani, kuma yana sabuntuwa duk shekara: idan damina ta yi kyau, gulbi ya cika ya malala cikin fadama, ruwan ya tsaya ya nutse, sai rumbun ƙasa ya sake cika. Na uku shi ne ruwa mai zurfi da ke cikin shimfiɗun duwatsun yashi na yankin Sakkwato da Kebbi, waɗanda masana ilimin ƙasa suka raɗa wa ɗaya daga cikinsu sunan Gwandu. Wannan ɓangare ne na wani babban rumbun ruwa da ake kira Iullemmeden, wanda Najeriya ke tarayya a kansa da Nijar da Mali. Wani sashe na ruwansa ya taru ne tun dubban shekaru, kuma cikarsa tana tafiya a hankali ƙwarai.

Bambancin nan yana da muhimmanci. Ruwan fadama kamar albashi yake, yana shigowa duk shekara, wata shekara da yawa, wata kaɗan. Ruwa mai zurfi kuwa gado ne. Wanda ya cinye albashinsa kafin ƙarshen wata, ya koma sayar da gado, ya san inda ya dosa.

Daga jigo zuwa inji

Kakannin manoman yau da jigo da ƙwarya suke ban ruwa. Ƙarfin damtse ne ke yanke iyakar gonar mutum, kuma da wuya lambu ya wuce abin da magidanci da 'ya'yansa za su iya shayarwa a yini. Mafi yawan fadama a lokacin rani ta kasance makiyaya ce ta shanu da wurin su.

Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da kuma tsakiyar shekarun 1980 ya sa gwamnatoci suka juya ga noman rani. Da farko manyan madatsun ruwa aka runguma, irin su Bakolori da aka kammala a 1978 da kuma Goronyo. Daga baya aka gane cewa ƙaramin inji a hannun manomi ya fi araha, ya fi kuma saurin ba da amfani. Shirin Fadama na farko, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa daga farkon shekarun 1990, ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injinan fetur, kuma Kebbi, wadda aka ƙirƙira a 1991, tana cikin jihohin da shirin ya fi mayar da hankali a kansu.

Babban sauyi na biyu ya zo ne ranar 17 ga Nuwamba, 2015, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi. Aka biyo da shinkafar haɗin gwiwar Legas da Kebbi a ƙarshen 2016, aka buɗe masana'antar casar shinkafa ta WACOT a Argungu a 2017, sannan aka rufe iyakokin ƙasa na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Farashin shinkafar gida ya tashi, ma'aikaci da ɗan kasuwa da ɗan siyasa duk suka nemi fili a fadama. Inda a da ake noma sau ɗaya, aka koma sau biyu, wasu ma har sau uku.

Ga kuma yawan jama'a. A ƙidayar 2006, ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama a haɗe suna da mutum sama da 430,000. Jariran da aka ƙirga a wancan lokaci su ne matasan da ke neman gonakin kansu a yau. Fadama kuwa tana nan yadda take, ba ta ƙaru da taku ɗaya ba.

Nawa amfanin gona ke sha?

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa albasa na buƙatar ruwa tsakanin milimita 350 zuwa 550 daga dashe zuwa cira. Idan aka juya wannan zuwa ma'aunin da kowa ya sani, hekta ɗaya ta albasa tana shan lita miliyan uku da rabi zuwa miliyan biyar da rabi. Wato ko a mafi ƙarancin ƙiyasi, ya haura cikin tankar mai 100, irin mai ɗaukar lita 33,000. Wannan kuwa buƙatar shukar ce kawai, ban da abin da ke tsiyayewa a magudanar ƙasa da wanda rana da iskar hunturu ke ɗaukewa.

Shinkafa ta fi haka sha. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke ƙasar Filifin ta ƙiyasta cewa a matsakaici ana zuba wa gona kimanin lita 2,500 kafin a samu kilo ɗaya na shanshera. A wannan ma'auni, buhu mai kilo 100 ya ci lita 250,000. Gaskiya ne wani kaso na ruwan yana nutsewa ya koma ƙasa, to amma wanda ya tashi sama ya tafi ke nan har sai wata damina.

A nan ne asarar albasa ke da fuska ta biyu. A al'adance manoman yankin suna adana albasa a rudu, wato rumfar kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta ratsa. Zafi da laima da cututtuka suna ruɓar da kaso mai yawa kafin farashi ya tashi. Duk buhun da ya ruɓe, ba kuɗin iri da taki da fetur kaɗai ya tafi da su ba, har da ruwan da aka ɗebo dominsa. Gina ingantattun wuraren ajiya a Aliero da Maiyama aikin tattalin ruwa ne, ko da ba a kira shi da wannan suna ba.

Abin da ke faruwa idan ruwa ya ja da baya

Ƙaramin injin da ake ajiyewa a bakin rijiya yana da iyakar da ba ya ƙetarewa. Zuƙo ruwa yake yi, kuma a aikace ba ya iya zuƙowa daga zurfin da ya wuce kimanin mita bakwai zuwa takwas. Idan rijiyoyi suka yi yawa a fadama ɗaya, kowace tana ja, matakin ruwan ƙasa yana sauka a hankali tun daga Janairu, ya kai maƙura a Maris da Afrilu, daidai lokacin da zafi ya tsananta, shuka kuma ta fi buƙatar ruwa. Manomi kan haƙa rami ya saukar da injinsa ƙasa don ya cim ma ruwan. Idan abin ya ci tura, mai hali ya kira masu haƙa burtsatse mai zurfi, ya sa injin da ke nutsewa cikin ruwa. Marar hali kuwa sai ya zuba wa shukarsa ido.

Ta haka ƙarancin ruwa ke zama rashin adalci tun kafin ya zama fari. Ruwan bai ƙare ba, ya dai koma hannun wanda bututunsa ya fi tsawo. Rijiyoyin shan ruwa na ƙauyukan da ke gefen fadama su ma daga wannan rumbu suke sha, kuma mata da yara ne ke fara sanin an samu sauyi, domin su ke ƙara wa guga igiya.

Rumbun mai zurfi da ake gudu zuwa gare shi ma yana da nasa gargaɗin. Wani nazari da cibiyar sa ido kan Sahara da Sahel ta gudanar tare da ƙasashen uku ya nuna cewa ruwan da ake ɗiba daga rumbun Iullemmeden ya tashi daga kimanin lita biliyan 50 a shekarar 1970 zuwa lita biliyan 180 a 2004, kuma tun tsakiyar shekarun 1990 ɗiban ya zarce abin da ke komawa. An yi wannan lissafi ne shekaru kafin guguwar noman shinkafa ta taso.

Fetur, sola da birkin da ba a yi niyya ba

Shekara da shekaru, abin da ke sa manomi ya kashe injinsa ba doka ba ce, tsadar fetur ce. Bayan Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, daga baya ta haura 1,000. Wasu manoma suka rage gona, wasu suka juya injinansu zuwa iskar gas, masu hali suka sayi na sola. Gwamnatocin jihohin Arewa, har da ta Kebbi, sun shiga rabon injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana.

Wannan sauƙi ne na gaske, kuma ya rage hayaƙi da kashe kuɗi. Sai dai yana tafe da haɗarin da ya kamata a sani tun da wuri. Mai injin sola ba ya biyan ko sisi don ƙarin awa ɗaya na ban ruwa, saboda haka babu abin da zai tuna masa ya kashe. Jihar Punjab ta Indiya ta bai wa manoma wutar lantarki kyauta tun ƙarshen shekarun 1990, noman shinkafa ya bunƙasa, ruwan ƙasa ya yi ta nutsewa, har ta kai a 2009 aka kafa dokar da ta hana dashen shinkafa kafin wata rana da hukuma ta tsayar a watan Yuni. Kebbi ba Punjab ba ce, domin fadamunta suna samun cikowa duk shekara. Amma idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Rabon injin da ba a haɗa shi da auna ruwa ba, rabin aiki ne.

Hanyar dawowar ruwa ma tana toshewa

Ɗiba ɓangare ɗaya ne na lissafin. Ɗaya ɓangaren shi ne yadda ruwan damina ke komawa ƙasa, kuma nan ma hannun ɗan'adam ya taɓa.

Itatuwa su ne na farko. Gawo da tsamiya da ɗorawa da kirya da marke suna rage ƙarfin saukar ruwan sama, saiwoyinsu suna buɗe masa hanyar nutsewa, suna kuma riƙe gaɓar gulbi. Amma mafi yawan gidaje da itace ko gawayi suke girki, masu gidan burodi da masu turara shinkafa da itace suke aiki, kuma duk lokacin da iskar gas ta yi tsada sai gatari ya ƙara samun aiki. Mai noman rani shi ma yakan sare itacen da ke yi wa shukarsa inuwa, ya share gona har bakin ruwa. Tudun da aka tsiraita ba ya riƙe ruwa. Ruwan yana gangarowa a guje, ɗauke da ƙasa, ya zube ta a gulbi da tafkuna. Gulbin da ya cike da laka ba ya ɗaukar ruwa da yawa a watan Agusta, ba ya kuma ajiye shi har watan Maris.

Na biyu shi ne yashi. Garuruwa suna faɗaɗa, bulo yana son yashi, gulbi da rafuka kuma su ne maɗiba mafi kusa. Yashin gindin gulbi kamar soso yake, yana riƙe ruwa bayan saman ya ƙafe. Idan tifofi suka kwashe shi fiye da abin da damina ke kawowa, gindin gulbin yana ƙara zurfi, ruwan da ke ƙarƙashin gonakin gefe ya tsiyaye zuwa cikinsa, gaɓa kuma ta riƙa zaftarewa.

Ambaliyar 2020 ta nuna girman abin da ke cikin haɗari. Ƙiyasin da aka bayar a lokacin ya ce ruwa ya shafe kimanin hekta 450,000 na shinkafa a Jihar Kebbi, kuma yankin Jega na cikin waɗanda abin ya shafa. Ruwan sama mai yawan gaske ne musabbabi na farko. Amma sare itatuwa da cikewar magudanai da gine-gine a hanyar ruwa suna ƙara wa ambaliya ƙarfi. Shekara biyu kacal kafin nan, a 2018, hukumomi sun koka cewa ruwan madatsar Goronyo, mai iya ɗaukar lita biliyan 942, ya ragu zuwa kimanin kashi 10 cikin 100. Goronyo a kan Gulbin Rima take, ba a kan na Zamfara ba, amma sama ɗaya ce ke shayar da su. Ƙamfa a wannan shekara, ambaliya a waccan: haka yankin da ya rasa abin riƙe ruwa yake kasancewa.

Ya kamata kuma a tuna cewa malalar gulbi ta kowace shekara ba abokiyar gaba ba ce. Ita ke cika rumbun fadama, ita ke kawo sabuwar laka mai taki, a cikinta kifi ke hayayyafa. Bayan an datse Gulbin Sakkwato a Bakolori, manoman da ke ƙasa da madatsar sun ga malalar ta ragu, noman shinkafarsu da kamun kifinsu suka ja baya. Duk mai alƙawarin maganin ambaliya da sabuwar madatsa, ya kamata a tambaye shi lissafin mutanen da ke ƙasa da ita.

Guba, kifi da shanu

Abin da aka zuba a gona ba ya tsayawa a gona. Takin zamani da ya yi yawa yana tsiyayewa cikin ruwan ƙasa marar zurfi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 50 na sinadarin naitiret a kowace lita ta ruwan sha, musamman don kare jarirai. Magungunan kashe ciyawa da ƙwari su ma suna bin ruwa zuwa tafkuna. Tarayyar Turai ta haramta maganin ciyawa na farakwat tun 2007, hukumar NAFDAC ma ta sanar da janye shi daga kasuwannin Najeriya. Matasan da ake ɗauka aikin feshi sukan yi shi ba safar hannu ba abin rufe hanci, a kuma wanke tankin feshin a ruwan da wasu ke sha. Kasuwa ma tana hukunci a kan wannan: a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya saboda yawan ragowar maganin ƙwari a cikinsa. Albasar da ke neman kasuwar ƙetare ba ta fi ƙarfin irin wannan hukunci ba.

Gulbi kuma ba ya sanin iyakar jiha. Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinare ta kashe yara aƙalla 400 a 2010, suna sama da Jega a kan wannan gulbi. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a riƙa gwada ruwan a kai a kai, a kuma bayyana sakamakon ga jama'a.

Masunta da makiyaya su ne sauran masu haƙƙi a fadama. Tafkin da aka zuƙe don ban ruwa ya tashi daga zama wurin su. Fadamar da a da shanu ke kiwo a cikinta da rani yanzu kore take shar da shinkafa, burtali da mashaya kuma sun matse. Yawancin rigingimun manoma da makiyaya da ake yi wa fassarar ƙabilanci daga nan suke farawa: saniya tana neman hanyar ruwa, ta tarar da gona.

Alhakin wa?

Dokokin ƙasa sun rarraba fadama gida-gida. Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 ta ɗora ikon duk ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya a hannun Gwamnatin Tarayya, kuma Gulbin Zamfara yana cikin wannan rukuni, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Amma dokar ta bar wa mai haƙƙin mallakar fili damar ɗibar ruwa kyauta don amfanin gida da shayar da dabbobi da ban ruwan gonarsa. An tsara wannan sassauci ne da ƙaramin manomi a zuciya. Dubban injina a fadama ɗaya, kowane yana cikin haƙƙinsa, suna iya ɗibar abin da ya fi na babban kamfani, ba tare da mita ko rajista ba.

Ƙasar kanta, bisa Dokar Amfani da Filaye ta 1978, amana ce a hannun gwamna, ƙananan hukumomi kuma ke ba da izinin filayen karkara. Dazuzzuka na jiha ne. Yashi ma'adini ne a idon dokar haƙar ma'adinai ta 2007, don haka lasisinsa daga Abuja yake fitowa. Magungunan feshi na NAFDAC ne. Ƙudurin dokar ruwa da aka yi ta kaiwa Majalisar Tarayya ya maƙale a rigimar siyasa da zargin ƙwace filaye. Sakamakon haka, kowace hukuma tana riƙe da ƙafa ɗaya ta saniyar, babu mai riƙe da igiyar.

Ba a rasa shirye-shirye ba, ba a kuma rasa kuɗi ba. A Bachaka ta Jihar Kebbi aka ƙaddamar da aikin Babbar Ganuwar Itatuwa na Najeriya a 2014. A Disamban 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa da kula da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Akwai kuma asusun kula da muhalli da ake ware wa matakan gwamnati uku daga asusun tarayya. Bashin Bankin Duniya bashi ne, matasan yau ne za su biya. Suna da haƙƙin sanin hekta nawa aka gyara a Maiyama, itace nawa ya rayu bayan bikin dashe, da kuma inda kason ƙaramar hukumarsu ya shiga.

Abin da za a iya yi

Mataki na farko shi ne awo, kuma ba shi da tsada. Rijiyoyin gwaji kaɗan a fadamun ƙananan hukumomin uku, a riƙa auna zurfin ruwansu duk wata ana liƙa sakamakon a sakatariya da intanet, sun isa su nuna ko ana cin albashi ne ko an fara taɓa gado. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar, wadda aka kafa a Aliero a 2006, tana tsakiyar gonakin albasa, tana kuma da ɗaliban da ke neman abin da za su yi bincike a kai.

Na biyu shi ne rage ɓarna. Akwai dabarar ban ruwan shinkafa da ake barin kwami ya tsane na 'yan kwanaki kafin a sake cika shi, ana duba matakin ruwa da guntun bututu mai huji da aka kafa a gona. Gwaje-gwaje sun nuna tana iya rage ruwa har kusan kashi 30 cikin 100 ba tare da amfanin ya ragu ba. Wanda za a ba injin sola, a haɗa masa da wannan horo.

Na uku shi ne itatuwa, kuma darasin yana maƙwabtaka. A yankunan Maraɗi da Damagaram na Nijar, tun tsakiyar shekarun 1980 manoma suka koma barin kututturen gawo da sauran itatuwa su tofo a gonakinsu, suna yi musu sassabe maimakon tumɓukewa. An ƙiyasta cewa hakan ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan biyar. Abin da ya taimaka shi ne manomi ya samu tabbacin cewa itacen da ya raina nasa ne.

Na huɗu shi ne dawo da tsarin da ƙasar Kabi ta daɗe da sani. A Argungu, ana hana su a Matan Fada har sai ranar da aka buɗe, kuma wannan hani ne ya sa ake samun manyan kifayen da duniya ke zuwa kallo. Sarakunan ruwa da sarakunan noma da hakimai da ardo-ardo sun san kowace fadama da kowane burtali. Idan ƙananan hukumomi suka zauna da su da ƙungiyoyin manoma, za a iya tsayar da tazarar rijiyoyi, da faɗin gaɓar da ba a nomawa, da wuraren ɗibar yashi, da hanyar shanu zuwa ruwa, a rubuta, a ba shi ƙarfin doka.

Jega da Aliero suna mazaɓar tarayya ɗaya da Gwandu, Maiyama tana tare da Koko/Besse, dukkansu kuma suna ƙarƙashin Sanatan Kebbi ta Tsakiya. Lokacin zaɓe zai zo, za a sake sauke taki da injina a filin taro. Matashin da ya karɓa bai yi laifi ba. Amma yana iya ɗaga hannu ya tambayi mai rabon: a bara, a watan Afrilu, a zurfin mita nawa ruwa yake a fadamar Gindi, kuma a bana a nawa yake? Ɗan takarar da ya iya amsa wannan ya san abin da yake neman ya shugabanta.